Yadda kalmar "field" ta tashi daga sarari ta kai fagen fama da ɗakin gwaji

Yaron da ya fara Turanci a firamare, ranar da aka kawo masa kalmar "field" ana ce masa ai fili ke nan. Da yake sautin kalmomin biyu ya yi kusa, sai fassarar ta zauna masa daram, kuma ta yi masa aiki na wasu shekaru. Amma da ya shiga sakandare sai malamin kimiyya ya ambaci "magnetic field". Ya je cike fom ɗin jarrabawa a intanet, kwamfuta ta ƙi karɓa, ta ce akwai "field" ɗin da ya bari babu komai. Ya buɗe jarida ya ga wata jam'iyya za ta yi "field" na ɗan takara, wani janar kuma ya zama "field marshal". A duk waɗannan wuraren fili ta gaza. Abin da yaron kan yanke shi ne Turanci harshe ne marar tsari, sai dai hadda.

Ba haka abin yake ba. Ma'anonin wannan kalma suna da yawa ƙwarai, amma kusan dukkansu ɗaya ce ta haifi ɗaya, kuma wanda ya bi su yadda suka zo a tarihi zai ga zaren da ya ɗinke su.

A tsohon Turanci, wanda ƙabilun da suka ƙetaro zuwa Birtaniya daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5 suka zo da tushensa, ana rubuta kalmar "feld". Abin da take nufi a lokacin shi ne sarari, wato buɗaɗɗiyar ƙasa wadda babu kurmi a cikinta. Kishiyarta daji ce mai duhuwa. Babu ruwanta da ko ana noma wurin ko ba a yi. Gonar da ake huɗa kuwa tana da nata sunan daban, wanda shi ne ya zama "acre", ma'aunin da muka ara muke cewa eka. Asalin eka shi ne faɗin ƙasar da shanun huɗa za su iya gamawa a yini ɗaya. 'Yan uwan kalmar suna nan a wasu harsunan: Jamusawa na cewa "Feld", mutanen Holan na cewa "veld", kuma da wannan ta Holan ɗin ake kiran shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa ta Afirka ta Kudu har gobe, inda ma'anar farko ta sarari marar shinge ta tsira ba ta sauya ba.

A Ingila kanta, inda tsohuwar ma'anar ta maƙale shi ne sunayen garuruwa. Masu bin ƙwallon Ingila sun san Sheffield da Huddersfield da Mansfield da Chesterfield. Sheffield na nufin sararin da ke bakin kogin Sheaf. Wanda ya ɗauka sunan na nufin gonar wani ya makara da ƙarnoni, domin an raɗa shi tun kalmar ba ta zama gona ba. A tsakiyar Landan, daura da dandalin Trafalgar, akwai majami'ar da ake kira St Martin-in-the-Fields. Yau motoci ne da benaye suka kewaye ta, amma lokacin da ta samu sunan a sarari take, tsakanin birnin Landan da Westminster.

Yadda sarari ya koma gona shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci a labarin, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

A zamanin da, ƙauyukan tsakiyar Ingila ba su da gonaki masu shinge. Kowane ƙauye na da manyan filaye biyu ko uku da suka kewaye shi, kowanne ya kai ɗaruruwan eka. An yanyanka kowane fili zuwa dogayen tsiri, kuma magidanci ɗaya yana da tsirinsa a warwatse, wani nan wani can, don kada mutum ɗaya ya kwashe ƙasa mai kyau ya bar wa maƙwabcinsa fako. Ana juya shuka: a fili ɗaya a zuba alkama, a na biyu sha'ir ko wake, na uku a bar shi saura ya huta, dabbobin gari su yi kiwo su zuba taki. Bayan girbi kuma a saki dabbobin kowa su shiga ko'ina. Waɗannan manyan filaye su ne aka riƙa kira da kalmar da muke magana a kai. Sun dace da sunan, tunda a buɗe suke, amma yanzu noma ya shigo cikin ma'anar.

Sai aka fara killacewa. Masu ƙasa suka ga ribar ulu, suka soma kafa shinge suna mayar da filayen jama'a makiyayar tumakinsu. Talakawa ba su yi shiru ba. A shekarar 1549 aka yi boren da Robert Kett ya jagoranta a Norfolk, mutane suka tumɓuke shingaye, aka murƙushe su da ƙarfin soja. An sake wani boren a tsakiyar ƙasar a 1607. Daga baya majalisar dokoki ta karɓi aikin: tsakanin 1604 da 1914 ta zartar da dokokin killace ƙasa sama da 5,200, waɗanda suka shafi eka wajen miliyan 6.8. Aka haɗe tsirin kowa wuri guda, aka dasa ƙaya a kan iyaka, wanda ba shi da takardar mallaka kuma ya rasa wurin kiwon saniyarsa, da yawa suka nufi birane neman aikin masana'anta. Ƙauyen Laxton da ke Nottinghamshire ne ya shahara da riƙe tsohon tsarin har zuwa yau.

Sakamakon wannan a kan harshe abin lura ne. Kalmar da aka ƙirƙira don wurin da ba shi da shinge ta koma sunan wurin da shinge ya zagaye. Ka tambayi Bature ɗan Ingila yau ya kwatanta maka "field", zai ce maka yankin ƙasa ne mai shinge da ƙofa, ko da shuka a ciki ko da shanu. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, sabuwar ce ta hau kanta. Daga nan kalmar ta riƙe abu biyu a tare: shimfiɗa, da kuma iyaka. Wuri ne mai faɗi, an san inda ya tsaya, kuma abu iri ɗaya ake yi a cikinsa. A ganina duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin sauran ma'anonin.

Yaƙi ya ɗauki kalmar tun da wuri, dalili kuwa a bayyane yake. Rundunar dawakai da 'yan baka ba ta iya jā daga a cikin kurmi, sai a sarari. Shi ya sa manyan gwabzawar Ingila ke ɗauke da sunan: Bosworth Field a 1485, inda aka kashe Sarki Richard na Uku, da Flodden Field a 1513, inda Sarkin Sikotlan James na Huɗu ya faɗi. Mu a nan ba mu rasa kalma ba, muna da fagen fama da filin daga. Daga wannan ma'anar aka samu muƙamin fil mashal, ƙololuwar muƙamin sojan ƙasa a tsarin Birtaniya, wanda janar ɗin Birtaniya Bernard Montgomery ya samu a 1944. Idi Amin ya ɗora wa kansa shi a 1975, Abdel Fattah al-Sisi kuma ya samu a farkon 2014. Wani abin sha'awa shi ne kalmar kamfen da muke amfani da ita wajen yaƙin neman zaɓe ita ma ta irin wannan hanyar ta biyo. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin sarari, ta bi ta Faransanci ta zama fitar runduna zuwa karkara don yaƙi, daga bisani 'yan siyasa suka are ta.

Soja ya ƙara wa kalmar wata fuska da ta fi yaƙin kansa yaɗuwa. Idan runduna ta bar bariki, an ce tana "in the field", ko da ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Ma'anar ta zama wajen hedikwata, can inda ainihin aikin yake. "Field hospital" asibitin wucin gadi ne da ake kafawa da tantuna kusa da inda ake buƙata. Ma'aikacin ƙungiyar agaji da ake kira "field officer" shi ne wanda ke shiga ƙauyuka, ba mai zaman ofis ba. Masu bincike su ma suka ɗauka. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna cikin mutanen tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshensu yana rubuta rayuwarsu, shi ake yawan ambata idan ana maganar "fieldwork" a ilimin nazarin al'umma. Ɗalibar jami'a da ke raba takardun tambayoyi a kasuwar Kurmi tana cikin "field", alhali rumfuna sun matse ta ta ko'ina, babu sarari ko taku ɗaya. Wanda ya fassara aikinta da aikin fili ya ɓatar da mai sauraro. Fita bincike cikin jama'a ta yi.

Wasanni sun zo da nasu rikicin. Dokar farko a dokokin ƙwallon ƙafa sunanta "The Field of Play", amma Turawan Ingila a bakinsu "pitch" suke cewa, Amurkawa ne suka riƙe "field". Ɗan wasan tsakiya shi ne "midfielder". A wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, tsere na kan layi ne, tsalle da jifa kuwa su ne na "field", domin a tsakiyar da'irar ake yin su. Duk wannan mai sauƙi ne.

Inda mai fassarar labarai ke tuntuɓe shi ne wurare uku. Na farko daga sukuwar dawaki ya fito: kalmar ta bar ƙasar da ake gudu a kai ta koma kan masu gudun, dukkan dawakan da suka shiga tsere su ne "the field". Don haka idan jarida ta ce zaɓen fid da gwani yana da "crowded field", cewa take 'yan takara sun yi yawa, babu wani filin taro da ya cika. Na biyu, kalmar ta zama aikatau mai nufin fito da mutane fage, kamar yadda koci ke fito da 'yan wasa goma sha ɗaya. Jam'iyyar da ta yi "field" na mutum tsayar da shi takara ta yi. Na uku daga wasan kurket ne da wasan besbol, inda 'yan wasan da ke warwatse a fili ke cafke ƙwallon da aka bugo su mayar. Kakakin gwamnati da aka ce ya yi "field" na tambayoyi, amsa tambayoyin da 'yan jarida ke jefo masa ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Aikatau ɗaya ne a rubuce, amma a ɗaya turawa ake yi, a ɗayan tarewa, kuma abin da ya biyo bayan kalmar ne kaɗai ke nuna wanne ake nufi.

Filin jirgi, wato "airfield", bai buƙatar dogon bayani, tunda jiragen farko a kan ciyawa suke sauka. Jiragen sojan saman Birtaniya da suka iso Kano a 1925 a filin dawaki suka sauka.

Ma'adinai kuwa sun janye kalmar daga doron ƙasa gaba ɗaya. "Oilfield" yanki ne da man fetur ke kwance a ƙarƙashinsa. Ghawar na Saudiyya, wanda aka gano a 1948, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 280. Oloibiri, inda aka fara samun mai na kasuwanci a Najeriya a 1956, shi ma haka ake kiransa, haka Agadem na Nijar. Bonga kuwa a cikin teku yake, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, ƙarƙashin ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, kuma duk da haka da wannan kalmar ake kiransa. Kafafen labaranmu sun saba cewa rijiyar mai, amma akwai gyara a nan. Rijiya rami ɗaya ce da aka haƙa, shi kuwa wannan yanki ne da zai iya ɗaukar rijiyoyi goma ko ɗari. Labarin da ya ce an gano sabuwar rijiya alhali yanki guda aka gano ya rage girman abin sosai. Yankin mai, ko yankin rijiyoyin mai, ya fi kusa da gaskiya.

Akwai wani reshe da ya fito daga garkuwar mayaƙan Turai. Launin da aka shafe fuskar garkuwa da shi kafin a zana zaki ko gaggafa a kai, shi ma "field" ne. Daga nan ya koma kan tuta: koren da ke bayan kalmar shahada a tutar Saudiyya, da farin da ke bayan jan da'ira a tutar Japan. Kusa da wannan akwai iyakar abin da ido ke iya gani ba tare da an juya kai ba. Likitocin ido suna auna shi, musamman ga mai cutar gilakoma da wasu ke kira hawan jinin ido, domin ita daga gefe take fara cin gani, mutum na ganin gabansa sarai bai san da'irar na tsukewa ba.

Sai kimiyya, inda kalmar ta yi aikin da ya fi kowane nauyi.

Tun zamanin Isaac Newton akwai tambayar da ta dami masana: ta yaya rana ke riƙe duniya, ta yaya maganaɗisu ke jan allura, alhali babu igiya tsakaninsu? Michael Faraday, ɗan maƙeri ne da bai yi dogon karatun boko ba, ya fara sana'a da ɗinkin littattafai. Ya barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙasa, ya ga garin ya jeru cikin lanƙwasassun layuka daga wannan baki zuwa wancan. Sai ya ce wurin da ke kewaye da maganaɗisu ba fanko ba ne, yana cikin wani hali, kuma wannan halin ne ke taɓa allurar. A 1845 ya yi amfani da "magnetic field" wajen kiran wannan kewaye. James Clerk Maxwell ya zo ya sa wa tunanin lissafi a wata maƙala da aka buga a 1865, ya nuna lantarki da maganaɗisu abu ɗaya ne mai fuska biyu, kuma haske kansa kaɗawa ce a cikinsa. Rediyo da wayar salula duk a kan wannan suka tsaya. Lissafin da Albert Einstein ya fitar a 1915 kan ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa shi ma da wannan sunan ake kiransa, haka abin da gwajin CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ya tabbatar a 2012 game da hasashen masanin kimiyya Peter Higgs.

A wurin masana kimiyya ma'anar ta tsaya cak: abu ne da ke da ƙima a kowane ɗigo na wuri. Wanda ya taɓa zama kusa da murhu da hunturu ya san shi a jikinsa. Kowane taku tsakaninka da wutar yana da nasa zafin, kusa ya fi, nesa ya ragu, kuma ba sai ka taɓa garwashi ba. Allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita tana juyawa ne saboda duniya dungurungum tana da irin wannan kewaye na maganaɗisu. Ina ganin malamin da ya ce wa ɗalibansa filin maganaɗisu ya tafi, bai ba su komai ba, sai ma ya sa suna hango shimfiɗar ƙasa, alhali abin sama da ƙasa da ko'ina yake. Da ya ce kewayen da ƙarfin maganaɗisu ke aiki, ko da ya fi tsawo, da yaro ya kama. Larabawa da suka fuskanci wannan matsala ba su ɗora wa kalma ɗaya kayan duka ba. Suna da "haƙl" ta gona da yankin mai, "maidan" ta fagen fama, da "majal" wadda suke yawan sa wa kewayen maganaɗisu da fannin ilimi. Hausa ma tana da isassun kalmomi da za a raba wa aikin.

Fannin ilimi da na ambata shi ne ma'anar da ta fi yawo a bakin 'yan boko. An ɗauki sani kamar ƙasar da aka yanyanka, kowa da yankin da yake nomawa. Mu fanni muke cewa, ko fage, kuma sun wadatar.

Ta kwamfuta ta girmi kwamfutar kanta. Herman Hollerith ya ƙera na'urar da aka yi ƙidayar Amurka ta 1890 da ita, mai karanta katin da aka huhhuda. Daga baya kamfanin IBM ya fito da kati mai layuka 80 a 1928. Akan ware wasu layukan don suna, wasu don shekaru, wasu don gari, kuma kowane rukuni da aka ware shi ne "field". Katin ya tafi, sunan ya zauna. Akwatin da ake rubuta lambar waya a cikinsa a fom ɗin intanet jikan wancan rukunin ne: wuri mai iyaka da ke karɓar abu iri ɗaya tak. Gurbi ita ce kalmarmu da ta dace da shi.

Wadda ta fi nisa da ƙasa ita ce ta lissafi, kuma ta wata ƙofar ta shigo. Bajamushe Richard Dedekind ya yi nazarin wasu tarin lambobi a 1871 ya kira su "Körper", wato jiki, Faransawa ma jiki suke cewa da harshensu. Ba'amurke Eliakim Moore ne ya sa musu "field" a Turanci a 1893. Abin da ake nufi shi ne tarin lambobin da za ka tara, ka ɗebe, ka ninka, ka raba, ban da rabawa da sifiri, amsar kuma ba za ta taɓa fita daga cikin tarin ba. Cikakkun lambobi ba su cika sharaɗin ba, domin ka raba 1 gida 2 ka samu rabi, rabi kuwa ba ya cikinsu. Idan aka haɗa da ɓangarori irin su rabi da sulusi da rubu'i, an cika. Akwai ma masu ƙayyadadden adadi. Ɗauki lambobi bakwai, daga 0 zuwa 6, kana zagayowa kamar kwanakin mako: duk ayyukan huɗu suna tafiya daidai. Gwada da 12 irin na agogo, sai abin ya rushe, domin 3 sau 4 zai ba ka 12, wanda ya koma sifiri, kuma rabawa ta lalace ke nan. Irin wannan tari mai lambobi 256 shi ke aiki a cikin lambar QR, shi ya sa waya ke iya karanta ta ko da wani gefenta ya goge.

A nan ne kuma ake yawan yin wani kuskure mai sauƙin gyara. Babbar lambar yabo ta masana lissafi, wadda ake bayarwa duk shekara huɗu ga waɗanda ba su kai shekara 40 ba, sunanta Fields Medal, kuma mutane da dama na ɗauka daga wannan ma'anar aka samo sunan. Sunan mutum ne, John Charles Fields, masanin lissafi ɗan Kanada da ya assasa ta. An fara bayar da ita a 1936, kuma Maryam Mirzakhani 'yar Iran ce mace ta farko da ta karɓe ta, a 2014.